Wai waya tana taimakon talaka a zanga-zanga ne, ko dai zuga shi kawai take yi?

Ɗan Kwari:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu bibiyar labaran duniya ku raba mu wata gardama da yayana, kwana uku kenan muna abu ɗaya, jiya ma muna cin tuwon dare sai da Hajiya ta ce ko mu yi shiru ko mu ɗauki kwanonmu mu koma zaure. Shi cewa yake duk zanga-zangar da aka haɗa a waya kumfar omo ce, ta taso ta cika bokiti anjima ka leƙa ba komai sai ruwa. Ni kuma na ce ai da ba waya da ban ma san cewa ɗan Kenya da ɗan Sirilanka irin kukan da nake yi suke yi ba, cewa wasu tsiraru sun kwashe komai sun bar mu da hamma.

Amma gsky in zan faɗi tsakani da Allah abin da na gani da idona ya fi goyon bayansa. Lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa ta 1 ga Agustan 2024, guruf ɗinmu na WhatsApp na 'yan layinmu a kasuwa tun saura sati biyu ba abin da ake turowa sai fosta da odiyo, wannan ya ce kwana goma za a yi ba fashi, wancan ya turo bidiyon 'yan Kenya a cikin majalisa ya ce ku ga maza, har wani da ko taron suna ba ya zuwa shi ne ya fi kowa zafi. Ranar ta zo, da safe abin gwanin sha'awa, kafin azahar an fara fasa wurare ana ɗibar kaya, kafin dare an sa dokar hana fita ta awa 24. Muka rufe shago muna gida muna cin jari. Ba wanda ya san wa zai je ya zauna da gwamnati, ba wanda ya san wa ya kawo tutar Rasha, sai a watan Nuwamba muka ga yara ƙanana a kotu a Abuja suna faɗuwa don yunwa. Guruf ɗin kuwa ko sati biyu ba a yi ba ya koma tallan shadda da cigiyar POS.

To tambayata ita ce, a duniya akwai inda aka taso ta intanet kan wannan maganar ta mai kuɗi da talaka kuma aka samu wani abu a hannu? Ko ko dai ko'ina haka take ƙarewa? Ba zagi nake nema ba dan Allah, bayani nake so.

Malam Mai Alli:

Wa alaikumussalam ƙanena. Kai da yayanka kowa ya riƙe ƙafa ɗaya ta akuyar, sai dai tasa ta fi tsoka kaɗan.

Bari in fara da wadda ta fi suna. A 2008 bankunan Amurka suka durƙushe saboda cacar da suka yi da bashin gidaje, gwamnati ta ware dala biliyan 700 don ta tallabe su, su kuma talakawan da suka ci bashin aka riƙa fitar da su daga gidajensu. Haushin nan yana cikin mutane shekara uku, sai wata mujalla ta Kanada mai suna Adbusters ta yi kira a intanet cewa ranar 17 ga Satumba 2011 kowa ya ɗauko tanti ya zo unguwar bankuna ta New York. Aka zo aka tare a wani ɗan fili, Zuccotti, wanda bai fi filin makarantar firamare ba. Takensu shi ne mu ne kashi 99, wato kashi 1 sun mallake dukiya. Suka buɗe shafi a Tumblr, mutum zai rubuta halin da yake ciki a takarda da biro, bashin makaranta kaza, ba aiki, ba kuɗin asibiti, ya ɗaga takardar ya ɗau hoto ya tura. Kafin wata guda, ranar 15 ga Oktoba, an yi irin wannan fitowar a ƙasashe sama da 80. Wannan kam aikin intanet ne, ba wata jarida da za ta iya shi.

Wani abu da yake ba ni dariya, an hana su lasifika sai da izini, sai suka koma mai magana ya faɗi jimla na kusa da shi su maimaita da ƙarfi na baya su ji, kamar yadda ladan yake isar da kabbara a filin idi in wuta ta ɗauke. Masu kwamfuta da waya sun dawo aikin sanƙira.

To amma ka tambaye su me kuke so a yi, sai su ce ba mu da shugaba, ba mu da jerin buƙatu, kowa ra'ayinsa daidai da na kowa. Taro ɗaya sai ya ci awanni ba a yanke komai ba. Ranar 15 ga Nuwamba da tsakar dare aka zo aka kwashe tantunan, kusan wata biyu, shikenan. Ba doka ɗaya da aka canja a lokacin. Abin da ya rage shi ne maganar, domin kafin nan ɗan siyasar Amurka ba ya son furta rata tsakanin mai kuɗi da talaka, bayan nan kuwa Bernie Sanders da ita ya yi kamfen ɗin neman takarar shugaban ƙasa a 2016. Kuma a ƙarshen 2012 ma'aikatan gidajen abinci a New York suka fara yajin neman dala 15 a awa, ƙungiyar ƙwadago tana bayansu da kuɗi da lauyoyi, a 2016 jihohin New York da Kalifoniya suka sa hannu. Ka lura da wanda ya kai abin gaci.

Sifen ma haka, 15 ga Mayu 2011 matasa suka cika dandalin Puerta del Sol a Madrid, lokacin rashin aikin yi a cikin matasa ya haura kashi 40. Su da suka ga zaman dandali ba zai ɗore ba wasu suka kafa jam'iyya, Podemos, a 2014, har ta shiga gwamnatin haɗaka a 2020, wata mata kuma da ta yi suna wajen tare ƙofar gida in an zo fitar da mai bashi, Ada Colau, ta zama magajiyar garin Barcelona a 2015.

Mu dawo gida. Janairun 2012 da aka cire tallafin mai lita ta tashi daga naira 65 zuwa wajen 140, ina cikin waɗanda suka kwana a shataletalen Silver Jubilee a nan Kano, cikin sanyin nan, lokacin BlackBerry ake yayi, kowa yana ta tura saƙo yana kiran abokansa. Mun yi sallah Kiristoci sun kewaye mu, wannan da idona na gani. Cikin dare aka tarwatsa mu, takalmina ƙafa ɗaya har yau yana can. Amma farashi bai motsa ba sai da ƙungiyar ƙwadago ta shiga yajin aiki ranar 9 ga wata, banki a rufe, filin jirgi a rufe, kasuwa a rufe, mako guda gwamnati ta sauko 97. Mun ji haushi a lokacin mun ce an sayar da mu, amma dai 97 ba 140 ba ce.

Bint Sudan:

Malam Allah ya ƙara basira, amma ina ganin kun ɗan rage wa wayar hakkinta, kuma kun manta da Sudan, ni kuwa ina can ina karatu aka yi komai a gabana.

Abin daga burodi ya fara. Disamba 2018 burodin da ake saya fam 1 ya koma fam 3, ga layin mai, ga banki ka je da kuɗinka a ciki a ce ba takarda, mu ɗalibai sai mu yi asubanci mu kama layin ATM mu dawo hannu rabbana. Ranar 19 ga wata 'yan garin Atbara suka fito suka ƙona ofishin jam'iyya mai mulki, bidiyon ya zaga ko'ina kafin gwamnati ta farga. Da ta farga sai ta toshe Facebook da WhatsApp da Twitter, wlh cikin kwana biyu har tsohuwar da muke haya a gidanta ta san VPN, manhajar tsallake toshewar, jikanta ya saka mata, tana ce masa zo ka kunna min mabuɗin nan. Ƙungiyar ƙwararru ta likitoci da malamai da lauyoyi da injiniyoyi ita take fitar da jadawali a Facebook, ranar kaza a wuri kaza ƙarfe 1 na rana. Za ka ga kasuwa kowa yana harkarsa kamar ba komai, ƙarfe 1 na bugawa sai wata mata ta rangaɗa guɗa, ai kuwa sai titi ya cika. Guɗa ita ce alamar, har yanzu in na ji ta a gidan biki sai gabana ya faɗi.

6 ga Afrilu 2019 aka tare a gaban hedikwatar soja, 11 ga wata shugaba Bashir ya sauka bayan shekara 30. To inda nake so ɗan'uwa mai tambaya ya kula shi ne abin da ya biyo baya. Ranar 3 ga Yuni, ƙarshen azumi, aka afka wa masu zaman aka kashe mutane da yawa, sannan aka kashe intanet ɗin waya gaba ɗaya sama da wata guda, ba VPN ba komai, ko gida ba ma iya yi wa saƙo sai dai kira. Kowa ya ce an gama. Amma ranar 30 ga Yuni mutanen da suka fito sun fi na kowane lokaci yawa, ba Facebook ba WhatsApp. Ta yaya? Kowace unguwa tana da kwamitinta, lijan muƙawama suke ce musu, samari da 'yan mata ne na layin da kowa ya san iyayensu, su suke bi gida gida suna ƙwanƙwasa ƙofa, suna raba 'yar takarda, suna rubutu a bango da daddare, suna sanarwa a bakin masallaci bayan isha. A layinmu wata yarinya ce mai karatun haɗa magani, tana da littafi irin na 'yan makaranta ta rubuta gidan da ke da mota, gidan da ke da likita, gidan da za a iya ɓoye mutum. Kuma waɗannan kwamitocin ba ranar aka ƙirƙire su ba, tun zanga-zangar 2013 ake ginin su a hankali, wasu ma da sharar unguwa da tsaron layin burodi suka fara don kada a karkatar da fulawa.

Saboda haka ni a wurina wayar ta yi aiki sosai, ita ta sa ɗan Khartum ya ga abin da ɗan Atbara ya yi a rana ɗaya, amma da aka ƙwace ta akwai abin da ya rage a ƙasa. Kada kuma wani ya ce min ai ga yadda Sudan ta ƙare, na sani, an yi juyin mulki a Oktoban 2021, yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, ƙawayena da yawa suna gudun hijira, har da Hausawan can da muke zuwa wurinsu cin tuwo in kewar gida ta dame mu. Wannan janar-janar ne suka yi shi ba masu neman burodi ba. Kuma yaran kwamitin nan su ne dai suka koma dafa abincin sadaka a unguwanni da kai marasa lafiya asibiti a cikin yaƙin.

Ɗan Maraɗi:

Salamu alaikum 'yan uwa, ku ba mu wuri mu ma mutanen Nijar mu sa baki. Ni ta Faransa zan ba ku tunda ɗan wana yana can yana aikin kai kaya a mota, kuma lokacin kullum sai mun yi waya.

Masu riguna ruwan ɗorawa, 2018. Wata mata mai sayar da kayan kwalliya ta intanet, Priscillia Ludosky, ita ta rubuta koke kan tsadar esansi da gazwal mutane suka yi ta sa hannu, wani direban babbar mota Éric Drouet ya yi kira a Facebook a tare hanyoyi ranar 17 ga Nuwamba. Mutum wajen dubu 280 suka fito ranar farko, ba sandika, wato ƙungiyar ƙwadago, ba jam'iyya. Rigar kuwa dabara ce, doka ta tilasta kowace mota ta ajiye irin ta saboda haɗari, to kowa yana da ita a but, ba sai an buga an raba ba. Kuma ba 'yan birnin Paris ba ne, mutanen ƙauye ne da bayan gari waɗanda in ba mota ba sa zuwa aiki, suna ganin Macron ya soke harajin dukiya na attajirai sannan ya zo ya ƙara musu na mai. Ɗan wana ya ce a shataletalen garinsu har rumfa suka kafa da katako, da wuta da kofi, tsofaffi 'yan fansho suna kwana nan, wasu sun shekara ashirin a gari ɗaya ba su taɓa gaisawa ba sai a wurin.

Sun samu wani abu kam, a Disamba gwamnati ta janye ƙarin harajin man, Macron ya yi alkawarin ƙarin yuro 100 a wata ga masu ƙaramin albashi. Harajin attajiran dai bai dawo da shi ba. Matsalarsu duk wanda ya fito ya ce zai yi magana da yawunsu sai a taso masa a Facebook har da barazana, firaminista ya kira su zama aka rasa masu zuwa. Da suka tsaya zaɓen Turai a 2019 ko kashi 1 ba su samu ba. Ga waɗanda suka rasa ido da harsashin roba.

Yanzu ku kwatanta da mu. A 2005 zamanin Tandja aka sa harajin kashi 19 kan madara da fulawa da sukari da ruwa da wuta. Lokacin wa yake da Facebook a Nijar? Salula ma sai wane da wane, rezo sai ka hau tudu. Ƙungiyoyin farar hula da 'yan kasuwa da sandika suka haɗu, su Nouhou Arzika, aka yi maci a Yamai, sannan aka kira ranar da gari zai mutu, kowa ya zauna gida. Ina yaro lokacin amma ina tuna kasuwar Maraɗi tsit ko mai ƙosai babu. Rediyo masu zaman kansu da baki da baki su suka kai labarin. An kama shugabannin, amma da yake akwai shugabannin da za a kama akwai kuma waɗanda za a zauna da su, cikin Afrilu gwamnati ta janye yawancin harajin. Ni dai ban ce waya ba ta da amfani ba, ga shi da ita nake muku rubutu.

Injiniya_Kad:

Duk na karanta, kowa ya yi ƙoƙari, amma akwai abin da ba wanda ya taɓo. Filin da kuke taruwa a kai kuna zagin kashi 1 ɗin, na waye? Mai Facebook da WhatsApp da Instagram mutum ɗaya ne kuma yana sahun farko na masu kuɗin duniya, Twitter kuma Elon Musk ya saye ta dala biliyan 44 a 2022. Wato a zauren mai gida kuke taron yadda za ku rage wa mai gida ƙarfi, kuna kuma biyan kuɗin data. Su ba ruwansu da ko kun yi nasara, abin da manhajar take so shi ne ka daɗe kana kallo a nuna maka talla, kuma an gano abin da ya fi riƙe mutum shi ne abin da ya ba shi haushi. Shi ya sa bidiyon ana ƙona taya zai yi ta yawo, amma wanda ya zauna ya yi bayanin kasafin kuɗi minti goma ba mai kallo. Ɗan Kwari odiyon da aka riƙa turo muku a guruf, ka taɓa sanin wa ya fara naɗa? Ba za ka sani ba, kuma a Hausa ma abin ya fi muni don masu tace ƙarya a harshenmu ba su da yawa.

Na biyu makunnin yana hannun gwamnati. Masar ta kashe intanet kwana biyar daga ƙarshen Janairun 2011, ko da yake can abin ya juye mata don mutane da suka rasa labari sai suka fito titi nema. Nan gida bayan EndSARS an rufe asusun banki na mutum 20 ta hanyar kotu, masu tara gudummawa kuwa tun ana cikin zanga-zangar suka koma Bitcoin, kuɗin intanet, sannan aka rufe Twitter wata bakwai daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Kuma duk abin da ka rubuta yana nan, lambarka tana haɗe da NIN ɗinka.

Amma fa zan kare waya a wuri ɗaya, Kenya 2024. Abin da ya burge ni ba shiga majalisa ba ne, karatun da suka yi ne. Dokar kuɗi ce mai shafuka da yawa da turancin lauyoyi, a ciki har da harajin kashi 16 kan burodi. Yaran nan suka rarraba ta sashe sashe a TikTok, suka fassara zuwa harsunansu don iyayensu na ƙauye su gane, wani ma ya haɗa manhajar da za ka tambaye ta me sashe kaza yake nufi ta ba ka amsa. Suka baza lambobin 'yan majalisa kowa ya tura wa na mazaɓarsa saƙo har wayoyinsu suka riƙa ɗaukewa. Buƙata ɗaya tak, a yi watsi da dokar. 25 ga Yuni aka shiga majalisa aka harbe mutane, washegari shugaba Ruto ya ce ba zai sa hannu ba, 11 ga Yuli ya sallami kusan duk ministocinsa. To daga nan fa? Ya ɗauko 'yan adawa ya ba su kujeru, wasu harajin suka dawo ta wata dokar daga baya, su kuma yaran ba su da wanda zai zauna ya bi diddigi.

Af, na tuna Lebanon, 2019 gwamnati ta ce za ta sa harajin senti 20 a rana kan kiran WhatsApp, a daren aka cika titi, a daren aka janye, kafin sati biyu firaminista Hariri ya sauka. Ka taɓa wa mutane waya ka ga aiki.

Baban Ilham:

Ni dai tambayata ɗaya, wanda yunwar ta fi ci yana da data? Mai gadinmu wayarsa 'yar rakani masallaci ce, labarin zanga-zanga a rediyo ya ji, kuma shi aka fara kamawa da ya fita neman abinci ranar dokar hana fita. Masu hashtag suna gida suna caji.

Malam Mai Alli:

Baban Ilham ka faɗi gaskiya mai ɗaci. Bint Sudan na karɓi gyara 'yata, littafin yarinyar nan ya fi duk dogon bayanin da na yi.

Bari in ƙara biyu in tafi aji. Chile, Oktoban 2019, an ƙara peso 30 kacal a kuɗin jirgin ƙasa na Santiago, 'yan sakandare suka fara tsallake shingen tikiti suna ɗauka a waya suna turawa, cikin kwanaki ƙasa ta kama, ranar 25 ga wata mutum sama da miliyan ɗaya a titi. Suna cewa ba peso 30 ba ne shekara 30 ce, wato fansho da makaranta da asibiti duk an mayar da su kasuwa tun zamanin mulkin sojan Pinochet. Suka tilasta ƙuri'ar raba gardama, kashi 78 suka ce a sake kundin tsarin mulki, suka zaɓi tsohon shugaban ɗalibai Gabriel Boric yana ɗan shekara 35. Ka ga kamar an gama ko? Da aka rubuta sabon kundin aka kawo a 2022 kashi 62 suka ce ba sa so. Aka sake wani a 2023 shi ma aka ƙi. Haɗuwa a kan abin da ba a so ba wuya, kowa da dalilinsa, ranar da aka ce to rubuta abin da kake so a nan ake rabuwa.

Sai manoman Indiya. Dokoki uku aka yi a 2020 da suke ganin za su miƙa cinikin amfanin gona ga manyan kamfanoni. Suka tuƙo taraktocinsu daga Punjab da Haryana suka tare hanyoyin shiga Delhi tun ƙarshen Nuwamba, sanyi ya zo ya wuce, zafi ya zo ya wuce, korona ta zo, suna nan. Suna da shafukansu a intanet, har jarida suka buga ta kansu, an kuma yanke musu sabis a wurin ba sau ɗaya ba. Amma ƙungiyoyin manoma kusan 40 ne a ƙarƙashin inuwa ɗaya, kowane ƙauye yana turo mutane bi da bi, waɗannan su dawo gona waɗancan su tafi, ga tukwane a kan wuta dare da rana irin ciyarwar da Sikh suka saba yi a wuraren ibadarsu, har ɗan sandan da aka turo yana samun faranti. Kusan shekara guda, ranar 19 ga Nuwamba 2021 firaminista Modi da kansa ya fito ya ce zai janye dokokin, mutumin da ba a san shi da ja da baya ba. Kwana goman da aka ce muku za a yi a Agusta, wa aka ce zai ciyar da mai turin baro a rana ta uku?

Ɗan Kwari:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, ban zaci zan samu bayani haka ba. Na miƙa wa yayana wayar ya karanta tun daga sama, da ya zo wurin Malam ya ce ka gani ai na faɗa maka, da ya zo wurin Kenya ya yi shiru ya ce to wannan daban, yanzu kuma wai shi dama can bai ce waya ba ta da amfani ba, haka yake tun muna yara.

Anti Bint Sudan maganar littafin nan ta tsaya min. Ɗazu da kasuwa ta yi sanyi na buɗe guruf ɗin namu, mu 214 ne a ciki, na ce bari in ƙirga waɗanda na san ƙofar gidansu in wani abu ya faru, na samu 11, a cikinsu ma biyu 'yan uwana ne ɗaya kuma bashi nake binsa shi ya sa na san gidan. Dan Allah in kin samu lokaci ki ɗan ƙara min bayani yadda suke zaɓen 'yan kwamitin, da ko dattawan unguwa suna ciki ko samari ne zalla, don mu nan in ba a sa mai unguwa da liman a magana ba ko gyaran kwata ba ya yiwuwa. Bari in je ga kwastoma ya shigo.